Haruffan Da Suka Koma Tukunya

Mai karatu, akwai wata sana'a da ake yi a ƙasashen duniya wadda ba kowa ya san da ita ba. Mutum zai bi tsofaffin maɗaba'u da suka daina aiki, ya sayi haruffan ƙarfen da a da ake jerawa a buga littafi ko jarida da su. Ba ƙirga su ake yi ba, a sikeli ake ɗora su kamar kayan gwangwan. In ya kai su gida sai ya zuba cikin tukunyar ƙarfe ya hura wuta, su narke su zama ruwa, ya kwashe dattin da ya taso sama, ya tsiyaya sauran a mazubi. In ya huce sai ga dunƙulen dalma mai nauyi, sumul, ba wasali ba baƙi a jikinsa.

Ni da rubutu ne abincina, duk sanda na tuna wannan sai in ji wani iri a raina. Amma tarihi ya nuna narka haruffa ba yau aka fara ba, tare da ɗab'i aka haife shi. Abin da ya canza shi ne inda dunƙulen yake zuwa bayan ya huce. Da can haruffa yake sake komawa, yau kuwa in ya fita ya fita ke nan. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san wanda za a narka da wanda za a adana, tun ma ba mu Hausawa ba da muke da haruffa uku waɗanda sai da aka sha wahala kafin a same su a ƙarfe.

Bari mu faro daga tushe. Mutanen Koriya sun riga Turawa buga littafi da haruffan ƙarfe, domin akwai wani littafinsu mai suna Jikji da aka buga a 1377 da haruffan tagulla. Amma hanyar da ta game duniya ita ce ta wani Bajamushe, Johannes Gutenberg, mutumin birnin Mainz, wanda ya san aikin ƙira ƙwarai. Wajen shekarar 1450 ya daidaita dabararsa, wajen 1455 kuma ya gama buga Baibul mai layi 42 a kowane shafi, kimanin kwafi 180. Ga yadda dabarar take. Za a sassaƙa harafi a bakin ɗan sandan baƙin ƙarfe mai tauri. A buga sandan a kan ɗan guntun tagulla, siffar harafin ta lotsa ciki. Wannan guntun tagullar shi zan riƙa kira uwar harafi, don daga cikinsa ake haifar sauran. Sai a sa shi a gindin mazubi, a zuba narkakken ƙarfe, nan da nan ya daskare, a fitar da ɗan siririn sanda mai harafi a kansa, a juye, irin yadda rubutu yake fitowa a madubi. Uwa ɗaya tana iya haifar dubbai, kowane sak ɗan'uwansa.

To wane ƙarfe ake zubawa? Uku ne ake haɗawa: dalma, da kuza, da wani mai suna antimoni. Dalma ce uwa uba, don tana da araha kuma ba ta da wuyar narkewa, a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas take zama ruwa. Illarta laushi, in ita kaɗai ce, kafin a buga shafi kaɗan harafin ya baje. Antimoni shi ke ba ta tauri, ya kuma hana ta tsukewa da yawa in tana hucewa, sai gefen harafi ya fito da kaifi. Kuza kuwa, irin wadda aka yi shekaru ana haƙa a Jos da Bukuru ana kaiwa Ingila, ita ke sa ruwan ƙarfen ya gudana ya shiga kowane lungu na uwar harafi, ta kuma rage masa saurin karyewa. Abin mamaki, in an haɗa ukun nan daidai sai su riga dalma zalla narkewa, tun wajen digiri 240. Ka ga ke nan ko ƙarfe ma in ya sami abokan zama na kirki sai halinsa ya gyaru.

Fiye da shekara 400 da hannu ake jera haruffan nan. Mai jerawa zai tsaya gaban wani faffaɗan akwati mai gida-gida, kowane harafi da gidansa, yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a ɗan maƙalin da ke hannunsa na hagu, yana karanta su a juye kuma a kife. Ko farin filin da ke tsakanin kalma da kalma guntun dalma ne ake sawa. Kowane harafi dole tsayinsa ya zo daidai da na sauran, a Ingila da Amurka inci 0.918 ne, in ya gaza ba zai taɓa takarda ba, in ya zarce ya huda ta. In an gama buga shafi sai a wanke tawada, a warware, a mai da kowane harafi gidansa don gobe. Wanda ya karye ko ya cinye kuwa akwai akwatin da ake jefa shi. In akwatin ya cika sai a mai da shi wurin masu zubi, su narka, su zubo sababbi. Wato tun wancan lokaci ba a zubar da harafi a bola, tukunya yake komawa.

Sai a 1886 aka sami babban sauyi. Wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka, Ottmar Mergenthaler, ya ƙera injin da ake kira Linotype, jaridar New York Tribune ce ta fara aiki da shi. Injin yana da maɓallai 90. In ma'aikaci ya danna maɓalli sai uwar harafi ta tagulla ta gangaro daga ma'ajiyarta ta jeru kusa da 'yan'uwanta. Da layi ya cika sai injin ya tura narkakken ƙarfe daga wata tukunya da ke jikinsa, ya zubo layin gaba ɗaya a guntu guda, sannan ya ɗauki uwayen ya mai da kowace gidanta da kansa. Haɗin da aka fi sa masa shi ne kashi 84 cikin 100 dalma, 12 antimoni, 4 kuza. Akwai kuma kishiyarsa, injin Monotype na Tolbert Lanston, wanda shi harafi ɗai-ɗai yake zubawa, haɗinsa kuma ya fi tauri, an fi amfani da shi wajen littattafai.

A nan ne narka ya zama aikin kullum kamar girki. Layin Linotype ba ya warwaruwa, ba abin da za a sake yi da shi in an gama bugu. Saboda haka da jaridar yau ta fita sai a kwashe layukan duka a kai babbar tukunya, a narka, a kwashe datti, a zuba dogayen dunƙulaye masu nauyin kusan kilo 10. A rataye dunƙule da sarƙa bisa tukunyar injin, yana sauka a hankali yana narkewa gwargwadon yadda ake cin ƙarfen. Da yake kuza da antimoni suna raguwa cikin dattin da ake kwashewa, lokaci-lokaci sai a auna haɗin a ƙara masa abin da ya rasa. Dubi ikon Allah, mai karatu! Dalmar da jiya ta ba da labarin yaƙi, yau ita ce sanarwar ɗaurin aure, gobe kuma farashin gyaɗa. Ba wanda ya taɓa zama ya yi mata kuka, don kowa ya san da safe za ta dawo.

Mu dawo gida. A ƙasar da ake kira Nijeriya yau, 'yan mishan ne suka fara kawo injin ɗab'i, Hope Waddell a Kalaba a 1846, sai Henry Townsend a Abekuta, wanda ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin a 1859. Mu a Arewa muna da rubutunmu na ajami da malamai ke kwafa da alƙalami tun da daɗewa. Da boko ya zo, Zariya ce ta zama cibiya. A can Hukumar Talifi take ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. A watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Malam Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa, yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Duk waɗannan da haruffan dalma aka fara buga su.

Sai dai akwai matsala. Akwatin haruffan Bature ba shi da gidan ɓ, ba shi da na ɗ, ba shi da na ƙ. Da farko ɗigo ake sawa ƙarƙashin harafi, ko a maƙala masa 'yar alama a gefe. A cikin shekarun 1930 ne, zamanin East, aka tsai da shawara kan haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yanzu. Faɗar hakan a baki sauƙi gare shi, amma a zamanin dalma kowane sabon harafi sai an zana shi, an sassaƙa, an yi masa uwa ta tagulla, babba da ƙarami, kuma kowane girman rubutu da nasa. Kayan ɗab'i kuwa daga Turai ake odarsu, su biyo jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa. An kashe kuɗi an kashe lokaci don kawai kada Bahaushe ya rikita baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko fada da faɗa. Mu mata ma mun fi kowa sanin nisan da ke tsakanin bari da ɓari.

Na taɓa riƙe ɗaya daga cikin irin haruffan nan a wata tsohuwar maɗaba'a da yanzu rasit da katin biki kawai take bugawa. Ƙaramin ƙ ne, kaurinsa bai fi tsinken ashana ba, sai na kai shi kusa da ido sannan na ga lanƙwasar. Tsohon da ya nuna mini ya ce a da in irinsa ya ƙare ana tsakiyar aiki, dole a jira a buga shafukan farko a warware su kafin a ci gaba, don Hausa tana cin ƙ da ɗ da yawa. Yaran shagon kuwa ba wanda ya san sunan akwatin, balle yadda ake jerawa.

Daga shekarun 1960 zuwa 1980 zamanin dalma ya yi ta ja da baya. Aka koma haɗa rubutu ta hanyar hoto, a ɗauke shi a fim, a sauke a faranti, injin ofset ya buga. Daga baya kwamfuta ta zo ta ƙarasa aikin. Jaridar New York Times ta buga fitowarta ta ƙarshe da narkakkiyar dalma ranar 2 ga Yuli 1978. Babban kamfanin zuba haruffa na Amurka, American Type Founders, ya karye a 1993, aka yi gwanjon kayansa, da yawa daga cikin injuna da uwayen haruffa suka faɗa hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Haka abin ya bi ƙasa-ƙasa. Mai maɗaba'a yana duban akwatunan da suka cinye masa wuri, ga nauyi, ga ƙura, ga kuɗin haya, in wani ya zo da sikeli da kuɗi a hannu me zai hana ya sayar?

Su wa ke saye? A Amurka masu zuba harsashi da kansu suna neman dalmar Linotype ido rufe, saboda taurin da antimoni ya ba ta, har sukan gauraya ta da dalma zalla don ta yi auki. Wasu kuma nauyin da ake ɗaura wa ƙugiya da taru suke yi da ita, wasu su kai ta masana'antar da ke tace dalma. Kafin su narka sai sun tsince tagulla da tutiya daga ciki, don tutiya in ta shiga takan ɓata haɗin ya yi gudaji. Aikin dai bai sake ba, tukunya ce da ludayi da mazubi kamar yadda aka saba. Bambancin kawai, babu injin da ke jiran dunƙulen da sarƙa.

Mu marubutan Kano wannan canji alheri ya zame mana, ba zan ɓoye ba. A zamanin dalma, sai babban kamfani ya yarda da littafinki sannan ya ga hasken rana. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta hanyar gasar kamfanin NNPC na Zariya So Aljannar Duniya ya fito a 1980. Da ofset da keken rubutu da kwamfuta suka wadata, sai mace ta iya tara 'yan kuɗinta ta kai rubutunta a buga mata, ta ba 'yan kasuwa su sayar. Ta wannan ƙofa yayyenmu irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa suka shigo, mu ma ta nan muka biyo. Saboda haka ba ina kukan a mai da mu baya ba ne.

Amma a ɗauko littattafan shekarun 1990 a duba. Da yawansu ba lanƙwasa ko ɗaya, don kwamfutocin shagunan lokacin ba su da ita. Wasu marubutan sai su bi shafi-shafi da biro suna ƙara wa k da d da b ƙugiya kafin a kai a ɗauki fim, wasu kuma su bar shi haka, mai karatu ya yi ta canka. Abin da aka samu da kyar a dalma sai ga shi ya suɓuce a na'urar da aka ce ta fi. Alhali haruffan nan suna cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya, wato Unicode, tun farkon shekarun 1990, yau kuma ga su a cikin wayar kowa, amma dubi yadda muke rubutu ba ruwanmu da su. Wanda bai san wahalar da aka sha kan abu ba, ba ya jin ciwon yar da shi. Da ɗaliban makaranta suna iya zuwa wani wuri su ga ƙaramin ƙ na dalma da uwarsa ta tagulla, su ji labarinsu, ina ganin da an fi girmama shi.

To me za a narka, me za a bari? A ganina layukan Linotype da guntayen cike fili da haruffan da suka cinye, waɗannan don tukunya aka yi su tun asali, mai su ya sayar ya ci halalinsa. Waɗanda bai kamata su ga wuta ba su ne uwayen haruffa na tagulla, da sandunan da aka sassaƙa, da cikakken akwatin haruffa wanda bai ɓare ba, balle in akwai masu lanƙwasa a ciki. Dalma ana samunta ko a tsohon batirin mota, amma siffar da gwani ya sassaƙa in ta narke ba mai dawo da ita.

Akwai wani labari daga Landan da ke nuna haka. Wani maɗabi'i, Cobden-Sanderson, ya sami saɓani da abokin kasuwancinsa kan wasu kyawawan haruffa na maɗaba'arsu mai suna Doves. Don kada abokin ya gaje su, sai ya riƙa zuwa gadar Hammersmith da dare tsakanin 1916 da 1917 yana watsa su cikin kogin Thames, fiye da tan guda. A 2014, bayan kusan shekara 100, aka sa masu nutso suka tsamo kimanin 150 daga cikin laka, har ana iya karanta su. Ka ga kogi ma ya riƙe amana, tukunya kuwa cikin minti kaɗan take gamawa. A birnin Antwerp na Beljiyam kuma akwai gidan tarihi na Plantin-Moretus, tsohuwar maɗaba'a ce da aka bari da injunanta da sandunanta da uwayen haruffanta, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Mu ma muna da Gidan Makama a Kano, muna da Arewa House a Kaduna, muna da jami'o'i masu sashen Hausa. Ɗaki ɗaya ya isa a ajiye akwati biyu-uku da ƙaramin inji guda. Duk wanda ya gaji irin kayan nan a shagon mahaifinsa, don Allah ya fara tuntuɓar irin waɗannan wurare kafin ya kira mai sikeli.

Saura magana ɗaya, kuma da ke nake, 'yar'uwa uwar 'ya'ya. Dalma guba ce. Ƙurarta da dattin da ake kwashewa a bakin tukunya suna shiga jiki ta hanci da ta baki, kuma yara ƙanana sun fi kowa cutuwa, don tana taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da kwanuka da hannuwan yara. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wancan daga ma'adini ne, amma dafin ɗaya ne da na haruffa. Kada ki yarda a hura wutar narka dalma a tsakar gidanki, ko ta haruffa ce ko ta batir. Kada a taɓa girki a tukunyar da ta taɓa ta. Kada ki bar yaro ya yi wasa da haruffan nan yana kaiwa baki don sun yi kyau. In maigida aikinsa ke nan, ya sake tufafi ya wanke hannu da sabulu tun a wurin aiki kafin ya ɗauki yaro. Ko shi mai narkawar ya sani ɗigon ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma fashewa yake yi ya watsa ta a fuska. Rigakafi dai ya fi magani.

Kira na ƙarshe ga 'yan'uwana marubuta maza da mata. Wataƙila ba mu da ikon hana a narka akwati ko guda, amma lanƙwasar nan tana hannunmu. In za mu kai aiki wurin mai kwamfuta mu tsaya a kai sai ya sa ta, in a waya muke rubutu mu sauko da allon haruffan Hausa, mu kuma koya wa ƙannenmu da 'ya'yanmu. Waɗanda suka riga mu sun biya kuɗin jirgi kafin su same ta, mu kuwa danna yatsa ne kawai. Allah Ya saka wa magabata da alheri, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.